Maigida Ya Ce Na Mayar Masa Da Zoɓo Magani

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana huɗu. Wata uku da suka wuce aka gwada maigidanmu a asibiti aka ce yana da ciwon suga, aka ɗora shi kan ƙwayoyi, dama kuma yana shan na hawan jini. Shekarunsa 52. Mutum ne mai son abin sha mai sanyi, ba ya cin abinci sai da lemo a gefe, in ya fita da baƙi kuma Chapman yake sha. Tun da likita ya ce a rage masa sukari da sitaci na daina sa sukari a zoɓo, sai ya kurɓa sau ɗaya ya ture, wai na mayar masa da shi magani. Na koma matse masa lemon zaƙi da abarba, ina yi masa kunun aya da dabino, amma sugan ya ƙi sauka. Hajiyarsa ta aiko da galan ɗin zuma ta ce a riƙa sa masa, ai waraka ce. Yaron shagonsa ya tsegunta mini kullum sai an sayo masa malt mai sanyi. Abokiyar zamana kuma ranar girkinta ba ta canza komai ba. Ga azumi yana matsowa. Don Allah ki koya mini haɗe-haɗen nan na koktel da ake gani a waya, wanda zai sha ya ji daɗi ba tare da suga ya hau ba.

Uwargida, daga Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah Ya ba maigida lafiya, Ya sa kaffara ne, ke kuma Ya ba ki ladan ɗawainiya.

Da gaskiyar maigida zan fara, ko da ba za ki so ji ba. Zoɓon da aka zare wa sukari aka bar shi tsurarsa magani ne, ni ma ba zan sha ba. Kin cire abu ɗaya daga cikin kofin, ba ki mayar da komai a gurbinsa ba. Mutumin da ya shekara talatin yana kora tuwo da lemon kwalba ba zaƙi kaɗai ya saba da shi ba. Ya saba da sanyin da ke sauka har ƙirji, da gas ɗin da ke cizon harshe, da ƙamshi, da ƙarar buɗe murfi, da jin cewa shi ma an ajiye masa wani abu na marmari. Duk waɗannan babu wanda likita ya hana shi. Su za ki tattaro ki dawo masa da su, zaƙin kuma ki bar masa ɗan kaɗan, wanda kika san adadinsa.

Kafin mu shiga kicin sai mun yi lissafi, don a nan ne kika yi tuntuɓe. Abin da likitoci ke kira kabohaidiret shi ne sukari da sitaci a haɗe, kuma jiki ba ya tambayar daga ina suka fito, daga masana'anta ne ko daga gonar kakanki. Duk narkar da su yake yi su zama suga a jini. Cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4 ne. Lemon kwalba irin wanda aka saba yana ɗauke da giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100, wato babbar roba mai santilita 50 ta haura giram 50, cokali 13 ke nan a zama ɗaya. Malt ɗin da yake aikawa a sayo, wanda mutanenmu suka ɗauka abin ƙarin jini ne, bai gaza lemo ba ko kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya tun a 2015 ta ce ko mai cikakkiyar lafiya kada sukarin da yake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincinsa na yini, kusan giram 50 ga babba, in ya iya ya sauko zuwa 25 ma ya fi. A cikin wannan ƙidaya ta sa zuma, ta sa ruwan 'ya'yan itace da aka matse.

To kin ga inda lemon zaƙinki ya faɗa. Kofi ɗaya mai mililita 250 na ruwan lemon zaƙi yana da kusan giram 25, daidai yake tafiya da lemon kwalba. Sai kin matse lemo uku kafin ki cika kofin, kin zubar da dusar da ke rage wa sukarin gudu, ya ɗaga ya shanye cikin minti ɗaya. Da lemo ɗaya kika ɓare masa ya ci da dusarsa, da ya fi. Abarba giram 13 ce a kowane giram 100, mangwaro 15, ayaba ta haura 20. Dabino kuwa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne, ƙarami ɗaya giram 5 zuwa 6, manyan nan masu laushi da ake tsarabar Umara da su ɗaya yakan kai 18. In kin zuba goma a bilenda kin sa giram hamsin ko fiye, ga ita kanta ayar da nata sitacin da nata zaƙin. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Mazarƙwaila, ruwan rake, madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi, dankalin Hausa da wasu ke dafawa cikin zoɓo don ya kashe tsami, duk gida ɗaya suke.

Batun zumar Hajiya kuwa, ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, kada ki kuskura ki tsaya musu da ita. Allah Ya faɗa a Suratun Nahli cewa a cikinta akwai waraka ga mutane, babu mai ja da wannan. Amma ko maganin asibiti da awo ake shansa, kuma ba kowane magani ne na kowace cuta ba. Babban cokali ɗaya na zuma giram 17 ne na sukari, ya ma fi cokalin sukarin kansa, wanda bai wuce 12 zuwa 13 ba, saboda zuma ta fi nauyi. Ga zaƙi ga harbi, in ji masu iya magana. Ki bar yara su sha da burodi. In Hajiya ta tambaya, ɗanta ne zai amsa mata, ba ke ba, ya ce likita ya ƙayyade masa. Daga bakinsa biyayya ce, daga bakinki raini za a kira shi.

Kalmar koktel da kika ambata, a wurin masu ita haɗin barasa ce da lemo da kayan ƙamshi, wanda babu barasa a ciki shi suke kira moktel. Namu ke nan. Na tsaya a kan wannan ne saboda Chapman ɗin da maigida ke so. Haɗin Najeriya ne: lemon kwalba kala biyu, da jan ruwan sukari mai kauri da ake kira girenadin, da kokwamba da yankan lemo, sai ɗigon Angostura, wata 'yar kwalba mai naɗe da farar takarda wadda ke ba shi ɗan ɗacin nan. Abin da da yawa ba su sani ba, Angostura barasa ce kashi 44.7 cikin 100, a rubuce yake a jikinta. Ɗigo uku ko huɗu ake sawa, amma wanda yake gudun ta ya kamata ya sani, ya tambayi masu haɗawa kafin a kawo masa. Ta fuskar sukari kuma, babban kofin Chapman ɗaya cikin sauƙi yake haura giram 40.

Abin da za ki fara yi shi ne uwar haɗi, wato zoɓo mai kauri wanda babu zaƙi a cikinsa. Ki auni gwangwanin madara biyu na busasshen zoɓo, baƙin nan mai duhu ya fi ba da kala. Ki ɗauraye shi da sauri sau biyu saboda yashi, kada ki bar shi ya jiƙa kalar ta bi ruwan wanki. Ki zuba masa ruwa lita ɗaya da rabi, ki daddaka ɗanyar citta kamar tsawon babban yatsa biyu, kanumfari takwas ko goma, ɗan sandan kirfa, ƙwayar masoro kaɗan. In kina gaggawa ki tafasa minti goma ki sauke. In kuma kina da lokaci, kayan ƙamshin kaɗai za ki tafasa, ki bar ruwan ya huce, sannan ki zuba zoɓon ya kwana a ciki. Ni wannan na fi so, don zoɓon da ya kwana a ruwan sanyi tsaminsa ba ya kartar maƙogwaro kamar wanda aka daɗe ana dafawa, kuma tsamin nan mai karta shi ke sa hannu ya yi ta komawa cikin robar sukari. Kada ki sa kanwa ko hodar bekin soda don kashe tsami, mai hawan jini ba ya buƙatar ƙarin gishiri ta bayan gida. Ki tace da kyalle mai tsabta. A firij yana kwana uku zuwa huɗu, amma da yake wutar tamu ba abin dogaro ba ce, ki zuba rabi a farantin ƙanƙara ya daskare. Zoɓo shi kaɗai sukarin da ke cikinsa bai taka kara ya karya ba. Shi ne karkade da mutanen Sudan da Masar ke buɗa baki da shi, shi ne bisap na Senegal da sobolo na Gana, kuma wanda ake nomawa a Jigawa har Meziko ake kai shi, su ma can abin shansu ne.

Ga Chapman ɗin gida. Ki nemi babban kofin gilashi mai hannu, irin wanda ake kawo masa a waje, ba kofin robar yara ba. Ki cika shi da ƙanƙara har baki. Zoɓon nan mai kauri kashi ɗaya cikin uku na kofin. Ki matse rabin lemon tsami. Ki fere ɓawon lemon zaƙi siriri, ki murɗe shi a saman kofin har ki ga ɗan feshin man da ke fita, sannan ki jefa shi ciki. A nan ƙamshin lemon yake, kuma shi zai ba ki ɗan ɗacin da Angostura ke bayarwa. In kina son ɗacin ya ƙara fitowa, cokali biyu na baƙin shayi mai kauri da ya huce. Yankan kokwamba huɗu ko biyar, yanka ɗaya na lemon zaƙi a bakin kofi. Ki sa abin zaƙin da zan yi miki bayaninsa. A ƙarshe ki buɗe ruwan soda mai sanyi a gabansa, ki tsiyaya a hankali ta gefen kofi, ki juya sau ɗaya kawai don kada gas ɗin ya tsere. Duk kofin bai kai giram 5 ba.

Sai dai ki kula a kanti. Ruwan soda shi ne ruwa da gas kawai, babu sukari. Tonik da bita lemon kwalabensu sun yi kama da shi, a layi ɗaya ake jera su, ɗacinsu kuma yana sa mutum ya zaci babu zaƙi, alhali tonik na da kusan giram 8 zuwa 9 a mililita 100. Ki juya kwalbar ki karanta bayanta, inda aka rubuta adadin kabohaidiret. In kin ga sifili, shi ne naki. Wannan ɗabi'ar ta juya kwalba ki koya wa babbar 'yarki ma, don ita ake aika.

Haɗi na biyu ya fi kowanne sauƙi, kuma shi ne ya karɓu a gidanmu lokacin da aka sami Yayana da irin wannan ciwo. Ganyen na'a-na'a goma a gindin kofi, da lemon tsami rabi da aka yanka gida huɗu. Ki sa gindin ludayin katako ki danna su a hankali, dannawa ba daka ba, har ƙamshin ya taso miki. In kika ragargaza ganyen ɗaci zai yi, ya kuma riƙa maƙale masa a haƙori. Ƙanƙara, abin zaƙi, ruwan soda. Asalin haɗin na mutanen Kuba ne, su da barasar rake suke yi, mu mun ɗauki ganyen mun bar musu sauran. Ruwan lemon tsami guda ɗaya bai wuce giram 3 ba. Ranar da na fara yi wa Yaya, na zuba garin sitibiya, wani abin zaƙi da ke maye sukari, da cokalin shayi kamar ina zuba sukari. Ya kurɓa, ya runtse ido, ya ajiye kofin a hankali ya ce, "Ke, maɗaci kika jiƙa mini?" Matarsa tana ƙofar kicin tana dariya har da riƙe ciki. Washegari na sa abin da bai wuce kan tsinken ashana biyu ba, ya shanye ya miƙo kofin a ƙara.

Abubuwan zaƙin nan kala-kala ne, kuma kowanne da halinsa. Sitibiya ganye ce daga Kudancin Amurka, yankin Faraguwai da Burazil, zaƙinta ya ninka na sukari sau ɗari biyu ko fiye, in ta yi yawa sai ta bar ɗaci a bayan harshe, amma tsamin lemo da zafin citta suna rufe shi. Sukuralos ya ninka sukari kusan sau 600, shi ya fi kusa da ɗanɗanon da aka saba, kuma yana jure zafi. Asfatam kusan sau 200, ba ya son wuta, sai abu ya huce ake sa shi. A 2023 an yi ta yaɗa cewa yana jawo ciwon daji. Abin da ya faru shi ne wata cibiyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin abubuwan da ake zargi amma hujja ba ta yi ƙarfi ba, kwamitin da ke sa iyaka kuma ya bar iyakar inda take, miligiram 40 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini, wanda ƙwaya biyu ko uku a kofi ba su kusanci wurin ba. A shekarar dai hukumar ta ce kada a dogara da irin waɗannan don rage ƙiba, amma ta ce shawarar ba ta shafi masu ciwon suga ba. Ni abin da nake gani, sanda ce ta dogarawa kafin harshe ya saba. Ki fara da zaƙin da zai karɓa, duk mako ki ɗan rage ba tare da kin sanar ba. Yaya yanzu in aka ba shi lemon kwalba a wurin biki cewa yake ya cika zaƙi.

Ki saya a kemis ko babban kanti, mai kwali da suna da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ƙananan ƙwayoyin nan da ruwan ɗigo sun fi gari, don wani garin ana cika shi da gulukos ko sitaci don ya yi auki. Farin garin da ake ƙullawa a leda a kasuwa, ko na zaƙi ne ko ɗan tsami, ki yi nesa da shi. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka rasa rayuka a Kano aka kwantar da ɗaruruwa bayan sun sha lemon da aka haɗa da wani gari da aka sayar da sunan ɗan tsami, daga baya NAFDAC ta ce wani sinadari ne daban. Ga lemon tsami a kan kowane tire, me za ki yi da gari?

Tsamiya ki ɗauke ta a matsayin kayan ɗanɗano, ba uwar haɗi ba, don duk tsaminta fiye da rabin nauyin namanta kabohaidiret ne. Sili biyu a jog guda, da citta da kanumfari da ɗan barkono in yana so, ya wadatar. Kokwamba kuwa ki sake jiki da ita, ba ta kai giram 4 a giram 100 ba. Ki markaɗa ɗaya da citta da na'a-na'a, ki tace, ki matsa lemon tsami, ki ƙara soda ko ruwan sanyi. Kankana ta fi sauran 'ya'yan itace sauƙi, kusan giram 7 da rabi, amma kada ki markaɗa rabin kankana ki ce ai ruwa ce. Ki yanka ƙanana ki daskarar, ki jefa huɗu ko biyar a kofi a madadin ƙanƙara, in ya gama sha ya tsince su da cokali.

Kunun aya ne mai wuya, don babu abin da ke maye shi sak. Abin da ya fi kusa shi ne ki juya lissafin: kwakwa ta zama ita ce mai yawa, aya cikin tafi ɗaya don ƙamshi, babu dabino, citta da kanumfari kamar kullum, abin zaƙi bayan an tace. Madarar kwakwa sukarinta kaɗan ne amma tana da maiƙo, saboda haka ƙaramin kofi, ba kullum ba. Don sahur kuma, kindirmo na gida wanda ba a sa wa komai ba, rabin kofi, ki tsinka shi da rabin kofin ruwan sanyi, ki kaɗa da maburgi har ya yi kumfa, ki marmasa busasshiyar na'a-na'a a kai. Turkawa da Larabawa haka suke shan nasu, da ɗan gishiri, ke ki bar gishirin saboda jininsa. Giram 5 zuwa 6 ke nan. Yogot ɗin roba na kanti yawancinsa da sukari, fura kuma gero ce, lissafinta na abinci ne ba na abin sha ba.

Yanzu ga inda nake so ki nutsu sosai. Ba ki faɗa mini sunan ƙwayoyin da yake sha ba. In metfomin ne kaɗai, da wuya ya kayar da suga ƙasa. In kuwa akwai gilibenkilamaid a ciki, ko an kai ga allurar insulin, to ranar da kuka datse masa sukari gaba ɗaya alhali maganin yana nan yadda yake, sugan na iya faɗuwa fiye da kima. Alamarsa rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, faɗa babu dalili, ko magana ta riƙa harɗewa. Shi ma zoɓo bincike ya nuna yana ɗan saukar da hawan jini, don haka mai shan magani kada ya mayar da shi ruwan sha, kofi ɗaya ko biyu a yini ya isa, in ya fara jin jiri in ya miƙe a gaya wa likita. In an taɓa ce masa ƙodarsa ta taɓu, ko yana da olsa, sai an tambaya kafin a yawaita tsami da ruwan kwakwa. Tsamin nan kuma yana cin haƙori, ya riƙa kuskure baki da ruwa bayan ya sha.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku je asibiti tun azumi da saura makonni, a duba ko zai iya, a gyara masa lokutan magani. Ƙa'idar da likitocin suga suka tsara tare da malamai ita ce, mai azumi in sugansa ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 a na'ura, ya karya, kuma tsira yatsa don gwaji ba ya karya azumi. In na'urarku mai ƙananan lambobi ce, 70 shi ne 3.9, 300 kuma kusan 16.6. Buɗa baki da dabino sunna ce, babu mai raba shi da ita. Ɗaya ya isa, da ruwa, a sa shi cikin lissafi. Hadisin Anas ma ya nuna in babu dabino Annabi (SAW) da ruwa yake buɗawa. Abin da ke ɓata lissafin azumi shi ne jerin da ke biyo baya, kunun tsamiya da sukari, ƙosai, soyayyen dankali, lemo, sannan tuwo bayan tarawihi. Kofin da muka gyara ba zai ɗauke nauyin malmala uku ba.

Malt ɗin shago kuma, kada ki nuna kin sani, kada ki tona yaron. Namiji in ya ji an sa masa ɗan leƙen asiri, sai ya koma sha a mota. Ki sayi filas mai riƙe sanyi, ki cika masa da zoɓon da ƙanƙara, ki haɗa da kwalbar soda biyu a leda, ki ce ko baƙi za su zo. Zafin rana ne da ƙishi ke sa shi aike, in akwai mai sanyi a kusa da ƙafarsa rabin yaƙin ya ƙare. Sauran rabin na'urar gwaji ce za ta yi miki. Wata ranar hutu ki ce ku gwada wani abu. Ya gwada jininsa, ya sha abin da ransa ke so, bayan awa biyu ya sake gwadawa, ya rubuta da hannunsa. Washegari a daidai lokacin a yi haka da haɗinki. Abin da ake nema ga yawancin masu ciwon shi ne kada ya wuce 180 bayan cin abinci. Kada ki ce uffan, ki bar shi da takardarsa. Gani ya kori ji.

Abokiyar zamanki ba na jin mugunta ce. Wataƙila ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani, wataƙila kuma tana tsoron ranar girkinta ta zama ranar magani, taki kuma ta zama ranar daɗi, ko ta ga in ta bi tsarinki kamar ta karɓi umarni ne daga uwargida. Kada ki aika mata saƙo ta bakin yara. Ki sa maigida ya tafi da ku duka biyu ranar ganin likita, ku ji da kunnuwanku a zama ɗaya, ta yi nata tambayoyin. Bayan nan ki ɗauki gorar zoɓon ki shiga ɗakinta da kanki, ki ce ta ɗanɗana ta gaya miki abin da ya rage, don kin san hannunta ya fi naki a kayan ƙamshi. Ko bai fi ba ki faɗa. In ta ƙara wani abu nata, kimba ko ganyen lemo, ya zama haɗinta ne, ki yaba a gabansa. Jinin da kike tattali kwana biyu, ita ke riƙe da shi sauran kwana biyun.

Abu ɗaya kuma ku yi shi tare, ke da ita. Kowace ta ajiye ƙaramar kwalbar lemo mai sukari na gaske a ɗakinta, ko ƙwayar sukari a ɗan gwangwani, inda yara ba za su kai ba, a sa wani a shago da aljihun mota. In alamun nan da na lissafa suka bayyana, ko na'ura ta nuna ƙasa da 70, a ba shi giram 15 nan take, wato rabin kofin lemo, ko cokalin shayi huɗu na sukari a ruwa, ko babban cokali ɗaya na zumar Hajiya. A jira minti 15 a sake gwadawa, in bai hau ba a maimaita, in ya hau a ba shi abinci. In kuwa ya fita hayyacinsa har ba ya iya haɗiya, kada a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi mota zuwa asibiti.